Badukun da Ya Ɗinke Fiffiken Jirgi

Shekaranjiya a cikin jirgin ƙasa na RER B, tsakanin Sevran da Paris, wata budurwa ta zauna gabana ta buɗe ƴar kwalba ta shiga shafa jan farce. Mutane suka yi ta yamutsa fuska, wata tsohuwa ma ta tashi ta sauya kujera. Ni kuwa warin nan mai hawa kai sai ya ɗauke ni ya mayar da ni wani ɗaki a hawa na tara a Saint-Denis, ina ƴar shekara goma sha ɗaya, ga Kakana zaune bisa buzu yana shaƙar iska kamar wanda ya ji ƙaurin gobara. Ban farga ba sai da na wuce tashar da zan sauka.

Bari in ba ka labarin tun daga zuwansa. Kaka mahaifin Babana ne, baduku daga Damagaram. Yanar ido ta rufe masa gani, sai dai inuwa-inuwa, don haka Baba, wanda ke aikin ofis a Paris, ya nema masa takardun zuwa a yi masa aiki. Ya iso mana a ƙarshen zafi, lokacin da ganyen itatuwan bakin titi ya fara komawa ruwan ƙasa. Dogo ne siriri, da rawani, da wata tsohuwar jakar fata wadda ko banɗaki zai shiga sai ya san inda ya aje ta. A cikinta akwai basilla, da allurai, da curin zaren kaɗi, da dunƙulen kakin zuma. Bai yi kwana uku ba ya bi takalman gidan duka ya gyara da lalube, har da waɗanda ba su ce suna ciwo ba.

Ni da shi kuwa wasan jika da kaka muke. Uwargida yake kirana. Kullum sai ya ce zai sake ni tunda ban iya tuƙa tuwo ba, ni kuma in ce dama wa ke son miji marar haƙori. Duk gidan ni kaɗai ke iya sa shi dariya, domin tun ranar da ya sauka ƙasar nan mutumin nan bai yarda da komai ba.

Abu na farko da ya tsaya masa a rai shi ne saurin fitar takardunsa. Baba yana murna, shi kuwa cewa ya yi ruwa ba ya tsami banza. Ya ƙi shiga abin hawa bene, wai shi ba ya shiga akwatin da ke rufe kansa da kansa, sai mu bi matakala hawa tara ina riƙe da hannunsa yana hutawa a kowane hawa. In aka danna ƙararrawa daga ƙasa sai ya tashi zaune ya gyara rawani. In wasiƙa ta zo sai an karanta masa ita tun daga tambarin sama, ko da ta kamfanin wuta ce. Akwai wani tsohon Anasara a hawa na huɗu mai ɗan kare, bawan Allah ba ruwansa da kowa, gaisuwa kawai yake mana. Kaka ya ce wannan gaisuwar ta yi yawa, kuma tafiyar mutumin tafiyar tsohon soja ce.

Ranar da aka kai shi likita na farko, ina wajen. Matar da ke cika takarda ta tambayi sana'arsa. Kafin Baba ya buɗe baki Kaka ya damƙe masa hannu.

"Ka ce manomi."

"Haba Baba, wane irin manomi? Kai da duk Damagaram an san sirdinka?"

"Na ce ka ce manomi."

Sau biyu ana sa ranar aikin, sau biyu yana wayar gari da ciwon ciki. Baba mutum ne mai haƙuri da kowa ban da wanda ya ɓata masa tsari, na ji shi yana cewa, "Baba, randebu ne, ranar da likita ya sa, nan ba a wasa da shi." Kaka ya ce shi ba zai kwanta a rufe masa fuska Anasara na tsaye kansa da wuƙa ba. Likita kuma ya riga ya faɗa, takardar zamansa za ta ƙare tsakiyar sanyi, in ba a yi aikin kafin nan ba haka zai koma gida da duhunsa. Mama ta ce tsufa ne, Baba ya ce taurin kai ne. Ni dai haushinsa nake ji, don ina so ya ga fuskata ko sau ɗaya.

A lokacin ba a zuwa lakwal, wato makaranta, ranar Laraba, saboda haka ni ake barin wa Kaka. Wata Laraba da hantsi, ana yayyafi, na fito da kwalbar jan farce da wata ƙawata ta ara mini. Mama ta hana, amma Mama tana kasuwa, wanda ke gidan kuma ba ya gani. Na zauna bayan kujera na shafa yatsa uku ke nan sai na ji ya daina jan tasbaha.

"Wa ya shigo gidan nan?"

"Ba kowa, Kaka."

"To wa ya kawo maganin jirgi?"

Na ɗauka wasa ne. Na miƙa masa hannuna ina dariya. Ya kama ya kai hancinsa. Ya saki hannuna. Daga nan ya ce in rufe ƙofa in zauna, zai gaya mini abin da ko kakata ta rasu ba ta sani ba, amma kada Babana ya ji.

Ya ce yana saurayi, bai daɗe da buɗe rumfarsa a kasuwa ba, jirgin sama ya sauka a filin bayan gari. Ba irin wanda ya kawo shi Paris ba. Wannan fukafukansa biyu-biyu ne, ɗaya bisa ɗaya kamar rumfa kan rumfa, an ɗaure su da sanduna da waya, farfelarsa ta katako. Kuma jikinsa ƙyalle ne. Na ce, Kaka, ƙyalle fa? Ya ce ƙyalle, uwargida, lilin, an ja shi bisa haƙarƙarin katako an shafe shi da wani magani mai warin abin da ke hannunki, sai ya ɗame ya yi tauri. Mutum biyu ke cikinsa, matuƙi da makaniki, dukansu sojoji. Za su kwana biyu su wuce arewa, Agadas, daga can su tsallaka rairayi.

Abin da Anasaru ba su sani ba, shanu na son maganin nan. Mai gadi ya ɗan kauce, shanun gari suka zo suka lashe fiffiken ƙasa har suka yage shi, rami ya kai faɗin tabarmar salla. Da safe gardi, dogaran Anasara, suka zo kasuwa neman wanda ya fi kowa hannun ɗinki, mutane suka nuna Kaka, ba don ƙauna ba, don kada a nuna su. Makanikin ya ba shi sabon ƙyalle, da lanƙwasasshiyar allura, da curin zarensu mai kaki, ya nuna masa yadda ake ɗinkin da yadda ake ƙulli. Da ya ga hannun ya faɗa, sai ya tafi inuwa ya kwanta, don zazzaɓi ke cinsa.

Saura taƙi ɗaya a gama, zaren ya ƙare.

Ka tuna wane zamani ne. Gardi biyu na tsaye da bulala. In ya ce zare ya ƙare, cewa za a yi ya sata, ko ya yi ɓarna. Sai ya juya musu baya, ya zaro zaren kaɗin mahaifiyarsa daga jaka, ya ninka shi huɗu, ya murza, ya goge shi da kakin zuma, ya ɗan shafa masa ƙasa don launi ya zo ɗaya, ya ƙarasa. Makanikin ya taso ido jajur, ya bi ɗinkin da yatsa sama-sama, ya liƙa wani ƙyallen a kai ya shafe da magani. Zaren ya ɓace ƙarƙashi. Sannan ya yi abin da Kaka ya ce ya fi bulala ciwo: ya miƙa masa hannu suka gaisa, yana murmushi. Shi ne Anasara na farko da ya taɓa ba shi hannu.

Washegari jirgin ya tashi, duk gari na kallo. Bayan wasu makonni ƴan ayarin gishiri suka dawo da labarin wai wani jirgi ya faɗi cikin rairayi, ba wanda ya fita. Wane jirgi, ba su sani ba. Kaka bai tambayi kowa ba, don mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Shekara sittin ke nan yana juya taƙin nan ɗaya a ransa.

"Anasara ba ya mantuwa," ya ce mini, "shi rubutawa yake. An ce ciki da gaskiya wuƙa ba ta huda shi. To nawa cikin hwa?"

Gaskiya tsoro ya kama ni, kuma tausayinsa ya kama ni fiye da tsoron. Ya ce kada Baba ya ji, amma bai ambaci Kawu ba, ƙanin Mama da ke karatun harkar saƙa a Lyon. Ka san yaro da neman ƙofa. Na buga masa waya na zazzage masa komai, rabi Hausa rabi Faransanci. Kawu bai yi dariya ba. Bayan kwana huɗu ya kira ya ce akwai wani tsoho a gefen Lyon, kusa da tsohon filin jirgi, wanda shi da abokansa ke farfaɗo da jiragen zamanin da a wata rumfar kwano, kuma har yanzu da allura suke ɗinke su.

Na yi zaton Kaka zai tsine mini. Sai ya ce dama ya san bakin uwargida ba ya da murfi. Ya tambaya ko mutumin na gwamnati ne. Na ce a'a. Ya ce haka za su ce. Can sai ya ce, "Gara in kai kaina da a zo a ɗauke ni gaban ɗana."

Lokacin hutun lakwal na farkon sanyi Kawu ya zo ya ɗauke mu, aka gaya wa Baba ziyara ce. Kaka ya sa babbar rigarsa ta Idi, ya yi wa Mama sallama mai tsawo har ta tsaya tana kallonsa. Cikin jirgin ƙasa bai ci komai ba. Da mai duba tikiti ya zo, sai Kaka ya miƙa masa hannu biyu a haɗe, Kawu ya yi sauri ya sauke su. Muka isa Lyon hazo ya kwanta bisa kogi, sanyi na shiga har ƙashi.

Rumfar tana da faɗi da sanyi, tun daga ƙofa warin ya tare mu. Kaka ya tsaya cak. Tsohon Anasaran mai rumfar gajere ne mai kauri, da tabarau a goshi da shuɗiyar rigar aiki. Kawu ya matso zai yi tafinta, Kaka ya ɗaga hannu.

"Kai jira waje. Babba ya iya gyaran magana. Yaro kuwa abin da ya ji shi yake hwaɗi. Uwargida ce za ta yi."

Haka Kawu ya fita yana sosa ƙeya, aka bar ni tsakanin tsofaffi biyu. Anasaran ya kama hannun Kaka ya ɗora bisa fiffiken wani jirgi da ba a gama ba. Kaka ya bi shi da tafin hannu, ya ƙwanƙwasa da yatsa, ya yi ƙara kamar ganga. Ya lalubi ƙullin ɗinkin ɗaya bayan ɗaya yana gyaɗa kai. Sannan ya gyara tsayuwa kamar mai gaban alƙali ya faɗi komai, tun daga shanu har gaisuwar hannu, ni kuma ina juyawa. Da aka zo kan shanun Anasaran ya yi dariya ya ce nasu ma haka suke. Da aka zo kan zaren ya daina dariya. Ya yanko ƙyalle biyu ya ce a nuna masa.

Ban taɓa ganin Kaka na aiki irin na ranar ba. Ya zauna ƙasa bisa siminti da rigar Idinsa, ya ninka zare huɗu, ya murza a cinya, ya ja shi cikin kaki sau uku, ya ɗinka taƙi guda ido a rufe. Anasaran ya matse gefe ɗaya a bakin teburin ƙarfe, ya naɗe ɗaya gefen a sanda, ya ja da duk nauyinsa har fuskarsa ta yi ja. Ƙyallen ya kece. Amma ba a kan ɗinkin ba, can gefe. Ya ɗora yatsun Kaka a wurin don ya ji da kansa, ya ce in gaya masa zarensa ya fi ƙyallen ƙarfi. Na gaya masa.

Kaka bai yi murna ba. Ya ce, "Tambaye shi. Sun isa?"

Anasaran ya tambayi shekara, Kaka ya ce shekarar da ƙanwarsa ta yi haihuwar fari. Ya tambayi lambar da ke jikin jirgin, Kaka bai iya karatun boko ba. Ya tambayi sunan matuƙin, babu. Sai ya cire tabaransa ya dube ni ya ce, yarinya, a zamanin nan jirage da yawa sun faɗi cikin hamada, wani inji, wani guguwa, wani ɓatan hanya. Da yawa kuma sun isa. Ba zan iya sani ba, kuma ba na jin akwai mai iya sani.

Na dubi Kaka. Ya karkato kunnensa wajena, bakinsa a ɗan buɗe. Na tuna sanyi na tafe, takarda na ƙarewa. Sai na ji bakina na cewa, "Ya ce sun isa. Ya ce ya san jirgin, yana cikin littahinsu. Sun sauka lahiya, su biyun."

"Duk wannan ya hwaɗa?"

"Duk."

Ya sauke ajiyar zuciya, ya shafa fuska ya yi hamdala. Anasaran ya dubi Kaka, ya dube ni, ya daɗe yana dubana. A hanyar komawa Kaka ya cinye burodinsa ya cinye nawa.

Mako biyu bayan nan ya kwanta aka yi masa ido ɗaya, daga baya aka yi ɗayan. Baba ya yi ta mamakin abin da iskar Lyon ta yi wa tsoho. Ranar da aka cire bandeji, abin da ya fara cewa shi ne ashe uwargida ba ta da kyau haka, da ya sani da bai biya sadaki ba. Kowa ya yi dariya, ni ma na yi, amma tawa ba ta kai ciki ba.

Domin yanzu zargin ya tashi daga kansa ya dawo kaina. In ya dube ni sai in ce ya gane. In ya yi shiru sai in ce lissafin maganata yake. In Kawu ya bugo waya sai in tsaya kusa ina saurare, ko ya koma wajen Anasaran ya ji gaskiya. Na daina zama da shi ranar Laraba, na ƙirƙiro aikin gida da ba a ba mu ba. Shi da ya zaɓe ni don yaro ba ya gyaran magana. Abinci ya daina yi mini daɗi, har Mama ta fara zancen kai ni likita.

Ranar da zai koma, da safe, Baba ya sauka da kaya, Mama na kicin. Dusar ƙanƙara ta farko ta zuba, Kaka na tsaye bakin taga yana kallonta da sababbin idanunsa. Ya kira ni. Ya juya ni wajen haske, ya riƙe kafaɗuna.

"Ran nan kunne kaɗai gare ni. Yau ga ido. Labarin zuciya a tambayi huska. Sake hwaɗa mini abin da Anasara ya ce."

Na buɗe baki in maimaita. Sai kuka. Cikin kukan na ce zancen zaren gaskiya ne, wallahi gaskiya ne, shi ma ya taɓa ya ji. Amma mutumin ya ce bai sani ba ko sun isa, kuma ba mai iya sani. Littafin ni na ƙirƙiro shi.

Na jira ya sake ni. Bai sake ni ba. Ya share mini hawaye da babban yatsansa mai kaushi.

"Na sani tun can," ya ce. "Ya tambayi sunan matuƙi ban ba shi ba, to a wane littahi ya gan shi? Amma na ga ɗiyar da ke sona ta ɗauki kaya don in ga haske, na ce bari in kwanta kada kayanta su tahi banza." Ya ci gaba da cewa, "Zare ya riƙe, alhamdu lillahi. Sai dai ranar da na yi shiru gaban makanikin ban san zai riƙe ba. Wannan nawa ne, da shi zan je gaban Allah. Ke kuwa kin hwaɗa da wuri. Kin rage wa kanki shekara sittin."

Ya rasu bayan damina uku, yana gani sarai, yana ɗinki har makonsa na ƙarshe.

Yau duniya ta sauya. Ƴaƴana sun ce komai yana cikin waya, in ba su shekara da lamba su nemo mini jirgin kafin shayi ya huce. Ba ni da shekara, ba ni da lamba. Na shiga ɗakunan ajiyar tsofaffin takardu a Paris fiye da sau ɗaya, na ga hotunan jirage masu fiffike biyu a filayen ƙasarmu, da sunayen matuƙa da makanikai a jere, amma ba a rubuta sunan wanda ya riƙe allura ba ko a wuri ɗaya. Shi da ya yi shekara sittin yana tsoron rubutunsu, ashe ba su taɓa rubuta shi ba. Wannan ya ba ni haushi fiye da yadda na zata.

Har yau ban san ko sun isa ba. Aikina yanzu tafinta ne, ina zama tsakanin marasa lafiya ƴan ƙasarmu da likitoci. Sau da yawa likita kan faɗi magana mai nauyi, mai jinya ya karkato kunnensa wajena, in ji wata magana mai daɗi ta taso mini har bakin harshe. Sai in haɗiye ta, in riƙe hannunsa, in gaya masa abin da aka ce.